Shekari, Wanda Ya Rage Wa Filasma Ƙiba

Duk wanda ke bin layin bayan kasuwa a Makera da safe ya san Baba Shekari. Kafin mai ƙosai ta kwashe kaskon farko ya riga ya buɗe shago, ya share gabansa, ya yayyafa ruwa, ya fito da bencin nan nasa da ya tokare da bulo tun zamanin da masaƙun Kakuri ke busa jiniya. Zai cire hula ya yi addu'a a tsaye, ya mayar da hular, sannan ya juya ya gaida talabijin ɗinsa. Ba ƙari na yi masa ba, gaishe su yake yi. Ga su nan jere a kan katako har kusa da rufi, duka masu doro, irin na da ɗin nan masu nauyi da sai ƙarti biyu sun kama kafin su ɗagu. Zai shafa kan wannan, ya hure wa waccan ƙura, ya ce, "An tashi lafiya, 'yan mata?" Matarsa ma ban taɓa jin ya yi mata irin wannan gaisuwar ba, kuma katanga ɗaya ce tsakaninmu.

In zai fara aiki sai ya jingina wani dogon madubi a gaban talabijin, shi kuma ya koma bayanta ya zauna, ya buɗe doron. Hannunsa na ciki da sukundireba, idonsa na kan madubi yana kallon yadda hoto ke canzawa. Madubin nan ya yi wa matan unguwa aiki fiye da yadda ya yi wa talabijin. Duk mai wucewa coci sai ta tsaya ta gyara ɗankwali a ciki, in ta tsaya sai ta yi magana, in ta yi magana kuwa wasunmu muna kusa.

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Ciwon baya ya matsa masa, 'ya'ya kuma sun haɗa kai sun ce ya isa haka. Shi ya sa na ce bari a faɗa wa mutane wane ne shi, da alherinsa da halinsa duka, don ni ban iya yabo da ido ɗaya a rufe ba.

Lokacin da masaƙu suka rufe, maza suka cika gida ba aiki, kowa ya ga abin da ya yi. Gida-gida ya riƙa bi da jakarsa, ko ba a kira shi ba, yana duba talabijin ɗin mutane. Ya ce namijin da ya rasa aiki in bai samu abin kallo ba matarsa zai koma kallo, daga nan sai laifi ya fara fitowa a miya. Aure nawa ya riƙe da wannan dabarar, sai Ubangiji. Lokacin ƙwallo kuma yakan fito da babbar cikinsu waje ya ɗora a tebur, ya ɗaure eriya a dogon gora, layi ya cika har masu acaɓa su rasa hanya. In hoto ya fara yin shinkafa sai ya yi mata mari ɗaya a gefe, ta dawo hayyacinta, jama'a su yi ihu kamar shi ya jefa ƙwallon a raga.

Sai kuma gyaran kala. In ya gyara talabijin a gida, ba ya tafiya sai ya kira matar gidan ya ce ta kawo damtsenta kusa da gilashi. Zai yi ta murɗa wani abu a baya har sai fatar mai karanta labarai ta yi daidai da tata. Cewarsa, waɗanda suka ƙera abin da fatarsu suka auna, tamu kuwa sai an nemo ta da hannu. A gidajen da ake shafa man bilicin aikin nan kan ɗauke shi yini guda, don hannu kalarsa daban, fuska kalarta daban. Ban ambaci sunan kowa ba.

Kai ne mai ido a madubi, hannu a wuta. Kai ne likitan masu doro, Shekari na Makera. Wutar da ke kwance a bayan abin nan ta taɓa jefar da kai ƙasa a gaban idonmu, ka tashi ka kaɗe wando ka ce gaisuwa ce.

To amma Baba Shekari yana da kishi, kuma ba ɗan kaɗan ba. Ranar da filasma ta fara shigowa unguwa, wato talabijin ɗin nan marar doro da ake mannawa a bango kamar kalanda, ranar ya daina dariya da haƙoransa duka. Mutanen da ya yi wa hidima shekara da shekaru suka fara wucewa ta gaban shagonsa da dogon kwali a ka suna kawar da fuska. Masu kunya su bi ta bayan layi. Marasa kunya su kawo masa tsohuwar su ce ya ajiye, wai ko zai samu abin cira a ciki. Haka shagon ya cika da waɗanda aka yi wa ritaya ba su yi laifin komai ba.

In kana so ka ɓata masa yini, tambaye shi wacce ta fi hoto.

"Hoto?" zai ce. "Wannan abin mai kama da tiren tallan gyaɗa? Je ka duba baƙinta. Baƙin filasma ba baƙi ba ne, toka ce. In dare ya yi a fim, a mai doro dare ne sosai, a waccan kuwa kamar an shanya tsohon zanen makoki da ya sha wanki. Ka ɗan matsa gefe, mutane su koma fari fat kamar fatalwa. A gidan da yara suka cika ɗaki, wa zai samu tsakiya? Ɗan ƙwallo ya ruga da gudu, ka ga inuwarsa na bin sa a baya. Ja kuma ya yi ta ihu kamar manja. In ta lalace, ba mari, ba lallashi, sai dai a zare hanjin gaba ɗaya a sa sabo. Wannan gyara ne ko musaya?"

Wani abin gaskiya ne, wani kishi ne. Abin da ba zai faɗa ba shi ne, in aka haɗa filasma da dikoda mai kyau har zufar da ke hancin ɗan ƙwallo za ka gani, rubutun da ke gudu a ƙasan labarai kuma tsohuwa za ta karanta shi daga bakin ƙofa. Mai doro ba ta taɓa yin wannan ba, ga ƙyaftawar da take yi wa ido in an daɗe a gabanta. Ya sani sarai. Shi ya sa yake hawa mota har Trikania, wai zai sayo dalma, ya je ya tsaya a tsallaken shagon Sylvanus mai gyaran filasma, yana shan rake yana leƙen abin da mutumin ke yi ta wutsiyar ido. Mai sayar da raken ƙawata ce. Ta ce rake ya ƙare, Baba bai tafi ba.

A cikin masu filasma, wadda ta fi tsaya masa a wuya ita ce Charity, Maman Clinton, 'yar zumuntar matan cocinmu. Ɗanta Clinton ne ya aiko mata daga Abuja, wata ƙatuwa da sai da aka karkata ta kafin ta shiga ƙofa. Tun ranar Charity ta daina cewa talabijin. "Filasmata." Ka gaishe ta, ta ce ba ta yi barci ba, filasmarta ta hana ta. Ka yi mata sannu da ciwon kai, ta ce hasken filasma ne. Kwalin ma ba ta yar ba, yana jingine a baranda, gefen mai hoto na kallon titi. Ni ba damuna abin ya yi ba. Tawa mai doron tana nan lafiya lau, kuma nawa 'ya'yan su ma suna da waya, sun san lambata.

Wata rana Charity ta tsaya a gaban madubin Shekari tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

"Baba Shekari, kai da ka daɗe a harkar nan, da wane irin tsumma ake goge filasma?"

"Da wanda ake goge kalanda," ya ce, kansa na cikin doro bai ɗago ba.

"Au, na manta. Ba irin aikinku ba ne."

Ta wuce tana kaɗa jaka. Shi kuma dalmar da ya narka ranar ta isa liƙe rufin gida.

Abin da ya sa na ɗauki biro dai shi ne abin da ya faru ranar tunawa da Mama Jemimah, tsohuwar Uwar Zumuntarmu, wadda ta huta bara. Mijinta Baba Timothy dattijon ikklisiya ne, tsoho mai sanyin magana, yanar ido ta fara rufe masa gani. Kwanakin baya aka tsinci wani tsohon faifai a akwatin kayan zumunta, wanda aka ɗauka tun da daɗewa a wani babban taro, Jemimah na gaba tana ba da waƙa, mu muna amshi da tulunan kiɗa. Ban da shi babu wani hotonta mai motsi a duniya. Baba Timothy ya gaya wa Fasto cewa muryarta na kunnensa, amma fuskar ta fara ɓace masa, in ya rufe ido sai ya ga zanen zumunta da ɗankwali, tsakiya ba kowa. Roƙonsa ɗaya ne: bayan sujada ranar Lahadi a sa faifan nan, ya ƙara ganin ta tun idon bai rufe gaba ɗaya ba.

Tun da aka gina cocin, duk abin da za a kalla da talabijin ɗin Shekari ake kallo. Wannan karon Charity ta miƙe a taron mata ta ce ai duniya ta ci gaba, filasmarta za ta kawo. Aka tafa mata. Labari ya iske Shekari kafin mu gama addu'ar rufewa, kada ku tambaye ni ta wace hanya. Abincin rana dai ya dawo wa matarsa yadda ta kai shi.

Ranar Asabar aka yi gwaji. Aka ɗora filasma a tebur, aka sa faifai, muka zauna. Hoto ya fito. Sai wata ta ce, "Yesu! Su waye waɗannan?" Mu ne, amma an ja mu ta gefe kamar danƙo. Kowacce ta yi faɗi ta gajarce, fuskoki kamar faranti, tulunan kiɗa kamar an zauna musu a ka. Ga hoton ya yi dishi-dishi, fatarmu kamar an barbaɗa mana gari. Mama Jemimah da duk Makera ta sani doguwa siririya kamar taɓarya, ga ta nan ta cika rabin gilashi. Charity kuwa, da ma Ubangiji bai rage mata komai ba, ta fito kamar buhun gawayi da aka ɗaure a tsakiya.

"Ai filasma ba ta ƙarya," in ji Charity. "Haka muke a lokacin. Kun manta ne. Masaƙa na aiki, ana ci ana ƙoshi."

"Ke dai kika ƙoshi, Maman Clinton," wata ta ce daga baya. "Ni shekarar nan zanen aurena nake ɗaurawa har da rara."

"To me kike nufi? Abin da aka sayo daga Abuja ne bai san girmanki ba?"

Baba Timothy ya matso da sandarsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Muryar tata ce. Amma wannan matar ban san ta ba." Ya juya ya fita, ko hularsa bai ɗauka ba.

Nan take mata suka yanke shawara a koma wa mai doro. Uwar Zumunta da kanta ta je shagon. Shekari ya bar ta ta yi bayani har ƙarshe, ya ce bai ji sosai ba, ta maimaita. Ranar ya ci tuwo har da ƙari.

Safiyar Lahadi ya goge babbar 'yan matansa har tana ƙyalli, ya ɗora ta a baro a kan matashi, ya lulluɓe ta da leshin matarsa, ya tura. Ciwon bayan da yake kuka da shi ranar bai ce uffan ba. Hanyar coci miƙaƙƙiya ce, amma sai da ya zagaya ta ƙofar gidan Charity.

Bayan sujada aka kunna. Jama'a, a faɗi gaskiya, hoto ya yi kyau. Kowacce ta koma girmanta, fatarmu ta dawo fatar mutane, koren zanen zumunta ya fito shar. Dishi-dishin nan duk mai doro ta shanye shi, ta lallaɓa tsohon faifan yadda tsohuwa ke lallaɓa 'yar'uwarta tsohuwa. Mata suka yi guɗa. Filasma na can lungu a jingine, fuska ga bango, Charity na gefenta ta haɗe rai kamar an aiko mata da saƙon mutuwa. Shekari ya tsaya kusa da tebur, hannu a ƙugu, ƙirji a gaba. Duk shekarun da ya yi yana haɗiyar takaici, ranar yake karɓar ladansu.

Sai ya dubi benci na gaba. Baba Timothy ya miƙa wuya, ya ƙanƙance ido, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Aka matso masa da kujera har gwiwarsa na taɓa tebur. Ya kai yatsa kan gilashi yana bin 'yan ƙananan mutanen da ke motsi a ciki, ya ɗago ya ce a hankali, "Shekari, wacce ce ita a ciki?"

Shekari ya nuna masa. Tsohon ya gyaɗa kai irin na wanda ba ya so ya ba mutum kunya. Ya ce, "To. Na gode." Ya koma ya jingina, ya rufe ido, ya bar wa kunne aikin.

Wanda bai san Shekari ba ba zai san abin da ke cin sa a lokacin ba. Fuskar Jemimah a mai doronsa ba ta fi ƙwayar goro ba. A waccan da ke lungu za ta kai tafin hannu. Kuma ya san abin da ba wanda ya sani a ɗakin: ƙibar nan ta jiya ba ciwo ba ce. Tsohon faifai an ɗauke shi ne daidai da gilashin mai doro, wanda tsayinsa da faɗinsa suka kusa zama ɗaya. Filasma kuwa doguwa ce a kwance, sai ta ja hoton hagu da dama don ya cika ta. Maɓalli ɗaya ne a rimot ke hana ta. Ya ga Sylvanus na danna shi a Trikania. Tun jiya da Uwar Zumunta ke ba shi labari ya gane, ya yi shiru abinsa. In ya ci gaba da shirun, har ya bar duniya Makera za ta riƙa cewa filasma ta sha kunya a hannun mai doro, a gaban Fasto da dattawa.

Ya tsaya yana shafa kan talabijin ɗinsa. Na kusa da shi sun ji ya ce mata, "Yi haƙuri." Sai ya kashe ta, waƙa na tsakiya.

"Maman Clinton, ina rimot ɗinki?"

"Rimot ɗin me? Ba ka gama ci mini mutunci ba?"

"Kawo dai."

"Clinton ya ce kada in bar kowa ya taɓa. Ni kaina kunnawa da kashewa da ƙarin murya kawai ya yarda in danna."

"Charity," in ji Uwar Zumunta, "ba shi."

Ta zaro shi daga jaka, yana naɗe a ledarsa ta kanti. Shekari ya sauke mai doronsa ƙasa, maza biyu suka ɗora filasma a gurbinta. Ya riƙe rimot ɗin da yatsu biyu kamar wanda aka miƙa wa mataccen ɓera, ya danna, ya sake dannawa. Hoto ya tsuke. Matan faifai suka miƙe suka koma mutane. Ya shiga wajen kala ya rage hasken, ya rage kaifin da ke fito da dishi-dishi, har fata ta yi kama da fata. Amma hagu da dama sai ga baƙi ya tsaya, faffaɗa, ba komai a ciki.

Charity ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni! Ya yanke mini ita! Abeg, jama'a ku shaida, ya cinye mini gefe biyu! Ɗana ya sayi abu cikakke, tsohon nan ya mayar mini da ita mai doro marar doro! Da ma na san baƙin ciki yake yi!"

Wasu mata suka fara gunaguni, don kowa ya san kishinsa, ga kuma baƙin nan ido na gani. Wani dattijo ya ce, "Haba Shekari, a ɗakin Ubangiji?" Jijiyar wuyan Shekari dai ta tashi.

Baba Timothy bai ji ko ɗaya ba. Ya tashi tsaye ba sanda. Jemimah ta juyo a gilashi, doguwa siririya, ta ɗaga hannu ta ba da waƙa, ta yi murmushi. Tsohon ya ce, "Ga ta." Ya sake cewa, "Ga ta nan. Har da wushiryar." Ya waiwayo yana neman wanda zai nuna wa, hawaye na bin gemunsa, yana dariya. "Kun ga yadda take ɗaga kafaɗa in za ta shiga baiti? Na manta da wannan. Ashe na manta."

Gunaguni ya mutu. Muka ɗauki amshi daga inda muke zaune, mu na yanzu da mu na faifai. Shekari ne kaɗai bai kalli gilashin ba. Ya zauna a ƙasa kusa da mai doronsa, ya ba filasma baya har aka gama. Da Fasto ya zo yi masa godiya sai ya ce, "Baba Fasto, baƙin nata dai har yanzu toka ne. Dubi gefen."

Kai ne wannan, Shekari. Kai ne ka samu ranar da ka daɗe kana roƙo, ka riƙe ta a hannu, ka ajiye don wani tsoho ya ga matarsa. Masu zuciyar da ba ta kishi ba za su san nauyin abin da ka ɗauka ba. Mu da muka san ciwon ganin kwali a barandar maƙwabta, mun sani.

Mun gode, Baba. Matan zumunta sun gode, matan da ka riƙe wa aure sun gode, ko da wasu ba su san kai ne ba. Ubangiji ya sassauta maka bayan nan, ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma masu tasowa, masu gyaran waya da filasma da sola, ban ce kada ku yi kishi ba, don ban ga mai sana'ar kirki da ba ya yi ba. Ku yi irin nasa. Ku ji zafin, ku je ku leƙo, ku koyo, ranar da wani ke bukata kuma ku danna masa maɓallin, ko da wanda kuke jin haushi ne zai sha tafi.

Charity har gobe tana gaya wa mutane a kasuwa cewa ya so ya lalata mata filasma, addu'a ce ta hana. Amma duk Lahadi da la'asar Baba Timothy na zuwa falonta da faifan a aljihu. Ita ta ce ya riƙa zuwa, a faɗi alherinta ko da ba daɗin faɗa. Tunda kuma ta rantse ba za ta taɓa wancan maɓallin ba, sai an aika a kira Shekari. Yana zuwa, fuska a murtuke, ko ruwa ba ya karɓa. Ya tsuke hoton, Timothy ya ga matarsa. In an gama ya faɗaɗa wa Charity abarta, ta zagaya ta duba gefe da gefe ko ya rage wani abu, sannan ta buɗe masa ƙofa.